Akwatuna Ɗari Takwas da Sittin Kafin Juma'a

Baba Tafireta ɗalibai suke kiransa, ko da yake rabon da a ga tafireta a ofishinsa an fi shekara ashirin. Da ita ya fara aiki a makarantar koyon aikin jinya tun yana saurayi, yana buga takardun jarrabawa da wasiƙun shugaba, yatsunsa suna gudu har masu wucewa ta baranda su tsaya kallo. Da aka kawo kwamfutar farko sai aka lulluɓe ta da zane, ta yi wata uku a kan teburi kowa yana kewaye ta kamar gawa. Shi ne ya yaye zanen. Bai je ko'ina ya koya ba. Tsofaffin littattafai ya riƙa saye a hannun masu gwanjo, ya karanta, ya gwada, ya ɓata, ya gyara. A haka har ya gina wa makarantar shafinta na intanet, inda ɗalibai suke cike takardar shiga da ta zaɓen darussa. Shafin ba shi da kyan gani, amma bai taɓa cinye sunan kowa ba.

Ofishinsa tsohon ɗakin ajiya ne a bayan laburare. Taga ɗaya gare shi, da fanka mai kukan ƙofa, da wayoyi da suka bi bango kamar jijiyar bishiya. Shekara biyu ke nan da ya juya teburinsa, ta yadda duk wanda ya shigo bayan kwamfutar zai gani. Mutane sun ɗauka sirrin aiki ne. Gaskiyar maganar ita ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ƙara girman haruffa har layi ɗaya ba ya ɗaukar kalma biyar, kuma duk da haka sai ya kai hancinsa kusa da gilashi. Ban da matarsa babu wanda ya sani. Saura shekara uku ya yi ritaya, yara biyu suna karatu, kuma sabuwar shugabar makarantar ta riga ta faɗa sau biyu a taro cewa lokaci ya yi da za a miƙa harkar kwamfuta ga kamfani. Ya san ranar da aka gane ba ya gani, ranar za a yi masa godiya a nuna masa ƙofa.

Ranar wata Litinin da safe shugabar ta aika a kira shi. Ya tarar da ita tsaye, da takarda a hannu. Wasiƙa ce daga hukumar da ke shirya jarrabawar ƙarshe, wadda sai an ci ta ake ba mutum lasisin aiki. Bana sun canza tsari. Duk ɗalibin da zai yi rajista sai yana da adireshin imel mai sunan makarantarsa, can za su aika masa lambar shiga. Za a rufe ranar Juma'a da ƙarfe huɗu. Wasiƙar ta yi mako uku a aljihun teburin wani ma'aikaci da ya tafi hutu.

"Ɗalibai nawa ne?" ya tambaya.

"Ɗari takwas da sittin, har da masu maimaitawa. Nawa ne suke da akwatin?"

"Ranki ya daɗe, ko ɗaya. Malamai kawai muke buɗe wa."

Ta dube shi ta saman tabarau. "To, Malam, ka ji ranar da za a rufe. Ni ban san yadda ake yi ba, kai ka sani."

Akwatunan imel ba a makarantar suke ba. Suna cikin wata babbar kwamfuta, saba, a hedikwatar ƙungiyar da ta mallaki makarantar, tafiyar awa huɗu a mota. Daga ofishinsa yake aika mata umarni da sunansa da kalmar sirrinsa, ita kuma ta buɗe akwati. Ya zauna ya fara. Ya buɗe goma, ya buɗe ashirin, har ya fara jin sanyi a ransa. A na talatin da ɗaya saba ta ƙi. Ya matsa kusa ya karanta amsarta harafi-harafi: sunansa akwati talatin aka yarje masa a rana. Bai taɓa sani ba, don bai taɓa buƙatar fiye da biyar ba. Ya lissafa da yatsu kamar ɗan firamare. Kwana biyar, ɗari da hamsin.

Dabara ɗaya ta rage. Ya sa wata 'yar takarda a shafin makaranta, ɗalibi ya rubuta sunansa ya zaɓi kalmar sirri, shafin da kansa ya aika wa saba umarni daga nesa. Ya yi zaton ƙa'idar talatin ɗin a kan mutum take, ba za ta hau kan shafi ba. Yinin Litinin da safiyar Talata ya yi yana rubuta umarnin, layi ashirin da 'yan kai, yana bin kowane waƙafi da farce a kan gilashi. Da ya gama ya gwada daga kwamfutarsa, akwati ya buɗe kafin ya ɗauke hannu. Ya ɗora a shafi, ya danna. Amsa ta dawo: ba a ba da izini ba.

Ya sake dannawa. Ya canza wannan, ya goge wancan, ya kashe ya kunna. Amsar ba ta canza ko da ɗigo ba. Kafin azahar labari ya bazu, ɗalibai suka cika barandar laburare da fararen kayansu. Yana jin muryoyinsu ta taga. Wata tana cewa ita wannan ne zamanta na uku, in ta rasa shi an gama da ita. Wani yana cewa ai Baba ya tsufa, da yaro aka ba da tuni an wuce wurin. Wata ta leƙo.

"Baba, za a samu kuwa?"

"Za a samu, 'yata. Ku ɗan rage surutu."

Sai wajen la'asar ya gano inda gizo ke saƙar. Shafin ba da sunansa yake zuwa wajen saba ba. Da wani suna nasa na kansa yake zuwa, wanda saba ba ta sani ba, don haka take rufe masa ƙofa. Mutum ɗaya ne zai iya gabatar da wannan sunan ya ba shi izini, shi ne injiniyan hedikwata. Ya kira shi sau bakwai. A na takwas ya ɗauka, da hayaniyar taro a bayansa.

"Baba, ba a ba shafin intanet izinin taɓa saba. In ɓarayi suka fasa shafinku, wasiƙun ƙungiya gaba ɗaya suna hannunsu. Ka rubuto a rubuce, kwamiti zai duba."

"Kwana nawa?"

"Mako biyu, in an yi sauri."

"Injiniya, Juma'a za a rufe."

"Wallahi ina cikin taro." Waya ta mutu.

Abin da ya yi bayan nan bai taɓa gaya wa kowa ba sai matarsa. Ranar da aka ba shi kalmar sirri ya sa hannu a takarda cewa ba zai rubuta ta a ko'ina ba. Amma wanda ya faɗa ruwa, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya tashi ya sa sakata, ya dawo ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa a cikin shafin, ya danna. Saba ta ƙi. Sunansa daga kwamfutar ofishinsa kaɗai take karɓa. Ya goge abin da ya rubuta, ya zauna yana kallon bango. Ya karya alkawarin shekara goma, bai samu ko akwati ɗaya ba.

Matarsa mai ɗinki ce, shagonta yana bakin layinsu. Da ya dawo da yamma ta ga tafiyarsa tun daga nesa ta ɗage ƙafa daga keke. Ya ba ta labari tsaye a bakin ƙofa.

"Ka je ka same shi," ta ce. "Waya ba ta da kunya, ido ke da ita."

"In na tafi na rasa yini guda."

"In ka zauna me za ka samu? Talatin?"

"Zai ce in nuna masa abin da na rubuta. A kwamfutarsa, da ƙananan haruffa."

Ta naɗe zare a yatsa. "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaran mutane ɗari takwas ne."

Laraba da sassafe ya buɗe talatin ɗin ranar, ya nufi tasha. Motar ta tsaya sau biyu a hanya, sau ɗaya don taya, sau ɗaya don direba ya ga wani abokinsa. Ya isa hedikwata bayan sha biyu, aka ce injiniya ya fita. Ya zauna a benci a wani dogon lungu mai sanyin na'ura, jakarsa a cinya, yana jin agogon bango yana cinye masa rana. Duk wanda ya wuce sai ya miƙe, don ba ya rarrabe fuska daga nesa. Ya miƙe wa masinja, ya miƙe wa mai shara. Ƙarfe biyu da rabi wani siririn mutum da bai wuce sa'ar babban ɗansa ba ya tsaya a gabansa.

"Baba, kai ne ka taso tun daga can?"

A ofis Baba Tafireta bai yi dogon bayani ba. Ya ce ba ya neman makullin gida, ƙofa ɗaya yake roƙo. A ba shafin izinin buɗe sabon akwati kawai, ban da karantawa, ban da gogewa, daga kwamfutar makaranta kaɗai, kuma a janye izinin ranar Juma'a da ƙarfe huɗu. A mota ya tsara maganar, ya maimaita ta ya fi sau hamsin. Injiniya ya jingina, ya ɗan sassauto.

"Wannan mai yiwuwa ne. Amma sai na ga abin da shafin zai aiko. Zo ka nuna mini." Ya juyo masa ƙaramar kwamfutarsa ta hannu.

Baba ya zauna. Gilashin ya zame masa farin hazo da baƙaƙen tururuwa. Ya matsa, ya ƙara matsawa, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗora yatsa a wani layi ya fara bayani, sai injiniya ya ce a hankali, "Baba, wannan ba naka ba ne. Jerin wasiƙuna ne."

Baba ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"Ba na gani," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Amma abin da na rubuta yana kaina. In ka yarda in karanto maka."

Ya karanto shi da ka, layi bayan layi, har da inda waƙafi yake da inda baka ta rufe, injiniya yana bi da ido a takardar da ya buɗe. Bai tsallake komai ba. Da ya kai ƙarshe injiniya ya jawo kwamfutar gabansa ya shiga bugawa. Ya kira wani babba a waya, suka yi 'yar jayayya, ya ce shi ya ɗauki nauyi. Kafin ƙarfe huɗu an ba shafin izini.

"Maganar idon fa?" Baba ya tambaya a bakin ƙofa.

"Ba aikina ba ne in kai rahoton idon kowa. Amma ka je asibiti, Baba. Kana aiki a cikin ma'aikatan jinya."

Alhamis da safe ya danna, akwati ya buɗe. Ya buɗe ƙofa ya ce ɗalibai su shiga shafin ta wayoyinsu. Barandar ta koma shiru, kowa ya sunkuya. Can sai aka fara jin "nawa ya yi", "ni ma ya yi". Kafin a tashi aiki, shafin ya nuna kowa ya samu. Shugaba ta leƙo da kanta ta ce sannu da ƙoƙari. Ya koma gida ya ci abinci ya ƙoshi, karo na farko tun Litinin.

Juma'a da ƙarfe tara ya tarar da mutane a ƙofarsa. Sun ce shafi ya ce musu an buɗe, amma in sun je shiga akwatin sai a ce babu shi, lambar hukuma kuma ba ta zo ba. Ya ce su rubuta sunayensu. Suka cika takarda, wasu suna ta ƙaruwa. Ya sa wata ta karanta masa goman farko, ya ce wai hannunsa da aiki. Tun kafin ta kai na shida ya gane matsalar. Kowane suna yana da harafi mai ƙugiya ko ɗan waƙafin sama. Saba ba ta karɓar harafi mai ƙugiya a adireshi, ɗan waƙafin kuwa yanke umarnin yake yi a tsakiya. Kuma cikin gaggawa bai sa shafin ya saurari amsar saba ba. Da ya aika sai ya ce wa ɗalibi an buɗe. Wannan ba laifin hukuma ba ne, ba na injiniya ba. Nasa ne.

Gyaran umarnin bai ɗauke shi awa guda ba. Matsalar ita ce gano waɗanda abin ya shafa, don wasu sun ga "an buɗe" sun kama gabansu, suna jiran lamba a ɗakunan kwana ko a asibitin da suke koyon aiki. Sunayen suna cikin rajistar da shafin yake ajiyewa, layi dubbai, nasara da faɗuwa a cakuɗe. Da ya ƙara girman haruffa sai layin ya karye, suna a nan, amsa a can. Ya yi minti arba'in ya tsinto huɗu. Idanunsa suna zubar da ruwa, kansa yana sarawa. Sha ɗaya ta wuce. Ya ɗauki waya.

"Maman yara, rufe shagon ki zo. Ki taho da tabaranki."

Ta zo da zare a jikin mayafinta. Ba ta taɓa shiga ofishin ba. Ya mayar da haruffa ƙanana, ya zaunar da ita a kujerarsa, ya nuna mata kalmar da za ta nema, ita ce alamar an ƙi. Shi ya jawo allon bugu gefe ya ɗora a cinya.

"In kin gan ta, ki karanta mini sunan da ke sama da ita, da lambar ɗalibi."

"Wannan ai kamar tsintar tsakuwa a shinkafa ne."

"To tsinta."

Ta karanta, ya buga, idonsa a rufe. Yatsun ba su manta komai ba. In ta yi tuntuɓe a wani suna sai ta ce, "Wannan iyayensa ba su tausaya wa kowa ba," ta sake. Duk wanda aka gyara, shugaban ɗalibai ya kira shi a waya ya ce ya shiga yanzu-yanzu. Ƙarfe ɗaya shugabar makaranta ta turo ƙofa. Ta ga baƙuwar mace a kujerar ma'aikaci, ta ga ma'aikacin yana bugu ido rufe, hawaye suna bin kumatunsa. Ta tsaya ta gane abin da take gani.

"Saura nawa?"

"Ba mu sani ba, ranki ya daɗe. Sai mun kai ƙarshe."

Ta fita, ta aiko da ruwan sanyi da malamai biyu su taya kiran waya.

Casa'in da huɗu suka samu. Na ƙarshe ya buɗe ƙarfe uku da kwata. Amma buɗe akwati ba shi ne rajista ba. Sai ɗalibi ya shiga shafin hukuma, ya jira lamba, ya cike shafi uku, kuma a wannan sa'ar duk makarantu sun yi masa rubdugu, yana tafiyar hawainiya. Baba ya fito baranda ya tsaya a cikinsu, babu abin da zai iya yi kuma. Wasu suna zaune a ƙasa, wasu sun ɗaga waya sama suna neman sabis. Wayar mutum biyu a kashe take, suna ɗakin tiyata. Ƙarfe huɗu daidai shafin ya rufe. Bakwai ba su shiga ba.

Ya rubuta wa hukuma wasiƙa da sunansa, ya faɗi kuskuren yadda yake, bai raɓa shi a jikin kowa ba. Shugaba ta sa hannu a ƙasa, injiniya ya aiko da shaidar lokacin da aka ƙi kowane suna. Bayan mako biyu hukuma ta karɓi huɗu, waɗanda suka riga suka fara cikewa kafin a rufe. Uku sai baɗi. Biyu daga cikinsu ba su sake gaishe shi ba har suka bar makarantar. Ta ukun, uwar 'ya'ya ce da ta dawo karatu da girmanta, ta zo ofis ta zauna ta yi kukanta ta share. Ya ce ta yafe masa. Ta ce za ta yi ƙoƙari, amma ba yau ba.

Ba a kore shi ba, ba a kuma bar shi a kujerarsa ba. Kamfani ya karɓi shafin a ƙarshen zango. Shi aka ba shi hutun wata biyu ya je aka yi masa aiki a idon dama, na hagu likita ya ce an makara. Da ya dawo aka mayar da shi ofishin rajistara, inda yake karɓar takardun ɗalibai yana duba ko sun cika daidai. Albashinsa bai ragu ba, amma babu mai neman shawararsa a taro.

Yaran kamfanin kan kira shi jefi-jefi, in sun ci karo da wani abu a tsohon shafin da suka kasa gane dalilinsa. Yakan ce su karanto masa layin. Kafin su kai rabi ya gaya musu shekarar da ya rubuta shi, da matsalar da ta sa. Wani lokaci su yi godiya, wani lokaci su kashe waya suna dariya. In ya ajiye, sai ya jawo takarda ta gaba ya ce wa ɗalibin da ke tsaye ya matso, ya nuna masa inda ya manta bai sa hannu ba.